Ranar da Fiyano Ya Manta Taken Alhaji Bawa

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa tambayar sunayen 'ya'yana, ba zan manta abin da Sule Mai Rediyo ya yi mini ba. Ya raba ni da kalangun ubana, ya ɗora mini akwatin roba a ka, sannan ranar da nake tsaye gaban mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando, ya sa hannu ya zare batiran akwatin nan ya ba ɗan siyasa. Ga laifinshi nan na faɗa tun farko, kada wani ya ce ina kewaye-kewaye. Tawa wautar kuma tana tafe, ba zan rage komai ba.

Ni makaɗin kalangu ne, ɗan makaɗin kalangu. A Ƙofar Durbi aka haife ni. Ga wanda bai sani ba, kalangu kiɗan mahauta ne. Kowane babban gidan pawa yana da makaɗinshi, kowane maigida kuma yana da takenshi, wato kiɗan da in an yi, ko bayan gida ya kewaya ya san da shi ake. Mu gidan Alhaji Bawa muke yi wa kiɗa. Kakana ya yi wa Tanko, uban Alhajin, babana Audu ya yi wa Alhaji Bawa, da babana ya rasu na rataya kalangun. Ba albashi ake ba mu ba. Amma duk ranar babban yanka akwai kasonmu na nama, da salla akwai riga, in matarka ta haihu ragon suna zai iso kafin ka buɗe baki. Mu kuma namu aikin, in ana biki a gidan mu kira maigida da kiɗa, ya miƙe tsaye ya dunƙule hannu ya yi jinjina, mata su rangaɗa guɗa. Taken nashi cewa yake: Bawa ɗan Tanko, bajimi ya gan ka ya kwanta. Kuma kalangu ke faɗa, ba baki ba. Ka matse tsarkiya da hammata murya ta hau, ka saki ta sauka, har kurma ya gane sunan wa ake kira.

To, shekarar da soja suka koma bariki, gari ya cika da fiyano. Duk kaset ɗin da ka sa, na siyasa ne ko na fim, shi ne a ciki. Mutum ɗaya zai zauna ya danna, ka ji ganguna da ƙahoni kamar gayya. Bukukuwan waje da ake kirana suka fara ja baya. Wata rana ina tsakiyar kiɗa a wani biki, abokin ango ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, a ɗan dakata da kalangun nan, za mu sa kaset." (Baba fa! Ni da ko furfura ɗaya ban yi ba lokacin.) Na dakata. Na koma gefe na zauna rungume da kalangu kamar mai jiran a kira shi ganin likita.

Sule abokina ne tun muna ƙanana, tare muka shiga firamare. Ni a aji huɗu na tsaya, shi ya ƙarasa, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya sa duk abin da ya faɗa kan na'ura in ɗauke shi kamar daga bakin malami. Yana da shago a Ƙofar 'Yandaka, yana gyaran rediyo, yana ba da hayar lasifika da janareta. Da na kai mashi kukana, sai ya shiga ciki ya fito da wani fiyano na gwanjo, ya ce daga Kwatano aka kawo shi. Ya goge shi da hannun riga, ya danna wani maɓalli, shago ya ɗauki kiɗa.

Ya ce, "Mutumina, duniya ta tahi ta bar ka kana matse icce a hammata. Dubi nan. Kiɗa ɗari ne cikinshi."

Na ce, "Akwai kalangu?"

Ya ce, "Wace ganga ce babu? Kai, waɗanda suka ƙera jirgin sama ne za su manta da kalangu?"

Na ce ni ba ni da abin saye. Ya ce wa ke maganar saye tsakaninmu? In kawo kalangun in ɗauki fiyano. "Ga ƙusa nan, nan zan rataye shi. Ina za ya? Duk ranar da ka yi marmarinshi ka zo ka gan shi."

Kalangun nan kangonshi ya girmi babana. Wurin da hammata ke zama ya yi santsi, ya yi baƙi da zufar mutum uku. Na ɗauko shi da hannuna, da gular kaɗa shi da babana ya sassaƙa, na kai Ƙofar 'Yandaka na rataye a ƙusa tsakanin matattun rediyoyi. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Har ina sauri kada Sule ya sake shawara.

Da na shiga gida da akwati a ka, matata Hajara ta bar tankaɗe ta bi ni da ido.

"Malam, wannan fa? Ina kalangun Baba?"

"Yana wurin Sule. Zamani ne, Hajara."

"To. Shi zamanin yana ba da nama?"

Na ce mata ta yi abin da ke gabanta.

Na zauna na bi kiɗa ɗarin nan ɗaya bayan ɗaya. Jama'a, babu kalangu. Babu kotso, babu kukuma, babu ko kiɗan ƙwarya. Akwai na rawar Turawa iri-iri, akwai wani kamar ana faretin 'yan sanda, akwai wani mai sanyi da Hajara ta ce shi ake sawa a fim in za a kashe mutum. Ɗari cif, ba wanda ya san hanyar Katsina. Ni dai har yau ban gane ba. Ku masu ƙera shi, da kuka san abin nan ƙasashenmu zai ƙare bayan 'ya'yanku sun gaji da shi, me zai hana ku cire ko goma daga cikin na rawarku ku sa mana guda? Ba mu ce ku sa duka ba. Guda.

Na koma wurin Sule da fushina. Bai ko ji kunya ba. Ya danna wata lamba, sai kowane haƙorin fiyanon ya koma ganga, wani mai kauri, wani siriri. Ya ce, "Ga su nan, haɗa kalangunka da kanka." Na gwada. Matsalar ita ce gangunan nan ba su lanƙwasa murya. Kowace inda aka ajiye ta nan take. Sule ya ce manyan fiyano masu tsada suna da wani ɗan taya a gefe, in ka murza shi murya ta hau ta sauka kamar ka matse tsarkiya. Na ce to nawa fa? Ya ce, "Naka na koyon yara ne a can." (Wannan maganar sai bayan kalangu ya hau ƙusa na ji ta.) Ɗan taya fa, wanda bai kai marfin kwalba ba. Shi ne suka ga ya yi wa talaka yawa.

Duk da haka na dage. Na zaɓi ganguna masu hawa da sauka, na yi ta jera su har suka fara kama da maganar taken. Yatsuna ba su saba ba, hannun gula ne da ni, in na nufi haƙori ɗaya sai in danne biyu. Don haka Sule ya ce kada in wahalar da kaina ranar biki, abin yana da ƙwaƙwalwa, a ɗauki kiɗan a ajiye a ciki. Muka yi ta fama a shagonshi, ina bugawa yana ɗauka, in na kuskure mu sake, har muka samu wanda ya fito daidai. Ya nuna mini maɓallin da zan danna. Rubutun jikin duk Turanci ne ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, ni kuwa Turancina bai wuce na allon shago ba, sai na ari jan farcen Hajara na ɗiga a kai. Sule ya cika mini cikin fiyanon da manyan batira. Ni a zatona don in an ɗauke wuta in ci gaba da kiɗa ne. Bai ce mini su ke riƙe da abin da muka ɗauka ba. Ko sau ɗaya bai faɗa ba.

Gaskiya tsakanina da Allah, taken da ke fitowa ciki kamar mai sanƙarar wuya ne ke kiran Alhaji Bawa. Amma ana gane shi. Sule ya ce, "Wallahi ya fi na gaske tsabta." Na yarda, don ina son in yarda.

Ana haka aka sa ranar auren Nasiru, autan Alhaji Bawa. Lokacin tsohon ya manyanta ƙwarai, ido ya tafi saura kaɗan, ƙafafu sun kumbura, ya daina zuwa mahauta. Ya aika aka kira ni. Na same shi a zaure kan buzu, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Hajara da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya laluba ya kama hannuna.

Ya ce, "Ɗan Audu, wanga shi ne na ƙarshe da zan aurar. Ƙafafun nan sun ƙi ni. Amma ranar, in ka kira ni, zan tashi."

Nan ne wurin da ya kamata in ce, Baba, kalangun ba ya hannuna. Da na faɗa, da ya aika an karɓo shi kafin in kai gida. Maimakon haka na washe baki na ce, "Baba, ranar za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba."

(A nan kam ban yi mashi ƙarya ba.)

Ranar biki na sa shaddata ta salla, na kafa hula, na sayi baƙin gilashi irin wanda na ga masu fiyano suna sawa a bangon kaset. An kafa rumfa ƙofar gida. Manyan mahauta na birni duk sun hallara, an jera su kan tabarmi da kujeru, Alhaji Bawa a tsakiya cikin babbar riga da rawani. Mata sun cika zaure suna leƙe, Hajara na cikinsu. Sule ya kawo lasifika da janareta, ya kafa mini tebur a gefe. Na kunna ɗaya daga kiɗan Turawan nan mai zafi, samari suka shiga fili, ni kuma ina yawo da yatsu bisa haƙora ina gyaɗa kai kamar ni ke yi. Wani ya ce, "Kai, ɗan Audu ya waye!" Na ji kaina ya yi girma har hula ta matse ni. Wani dattijo ya tambaye ni ina kalangu, na buga akwatin da tafin hannu na ce, "Yana nan ciki, Baba."

Aka kira la'asar, muka tafi masallaci. Kafin in dawo, sabon kansilan mazaɓarmu ya iso da mutanenshi. Lokacin kansila sabon abu ne, in ya zo biki sai ya yi jawabi ko ba a tambaye shi ba. Wayar makirfon Sule gajera ce, ba ta kai wurin manya ba, kansila kuwa ba zai taso ya tsaya kusa da makaɗi ba. Suna da lasifikar hannu da ta rage masu tun kamfe, amma batiranta sun mutu. Ina isowa na ga Sule ya kifa fiyanona yana mayar da marfin ƙasa.

Na ce, "Me kake yi?"

Ya ce, "Aro na yi ma ranka ya daɗe. Ai kai kana kan janareta, ba ka bukatarsu."

Ya ruga da batira a hannu biyu, yana rusunawa tun daga nesa. Ashe hayar lasifika yake nema a tarukan ƙaramar hukuma. Ni kuma ban hana shi ba. In faɗa maku gaskiya, har daɗi na ji. Na ce a raina, yau batirana ne ke magana a bakin kansila.

Kansila ya yi ta jawabi. Ya haƙa rijiyoyi, ya gyara kwalbatoci, ya kawo taki, duk da baki. Yana cikin gina asibiti janareta ya yi tari, ya sake tari, ya mutu. Man gefen titi ne aka zuba mashi, wanda aka sirka da kananzir. Kansila ko a jikinshi, shi yana kan batir. Sule ya zo ya ja igiya, ya ja, ya ja, janareta ya tashi. 'Yar fitilar fiyano ta kama kamar yadda take. Na duba, komai na nan, jan farcena na nan. Da abin nan yana da mutunci, da ya nuna wata alama, ko ja ko ƙara, ya ce maigida, na fa manta. Bai nuna ba. Ya zauna lafiya lau da fuskarshi ta jiya.

Da kansila ya gama, sanƙira, mai shelar bikin, ya shiga fili ya ce a yi tsit, za a kira maigida. A da, sai kiɗa ya fara sannan Alhaji ke miƙewa. Amma saboda ƙafafun, 'ya'yanshi suka ga gara su tashe shi tukuna, taken ya same shi tsaye. Babban ɗanshi, Alhaji Ƙarami, ya kama shi ta dama, ango ta hagu, suka ɗaga shi da ƙyar. Da ya daidaita sai ya ture hannun Alhaji Ƙarami, ya tsaya, ya dunƙule hannun dama ya kawo shi daidai ƙirji, yana jira. Duk wurin ba ka jin komai sai ƙugin janareta. Matan zaure sun riga sun kama hanci don guɗa.

Na gyara gilashi. Na ɗaga yatsa sama don kowa ya gani. Na danna jan farce.

Shiru.

Na sake dannawa. Shiru. Na danna da babban yatsa, na danna da ƙarfi har tebur ya girgiza. Na waiga neman Sule, yana can bayan kansila yana riƙe mashi lasifika. Na ce ko jan farcen ne ya zame, bari in gwada na kusa da shi.

Na kusa da shi nan, daga baya na sani, shi ne na kiɗan tallar kamfani, wanda suke sawa don mai saye ya ji daɗin kaya. Wannan shi ba ya mantuwa. Ko shekara goma abin ya yi a rufe, yana nan. Nasu sun ajiye shi inda ba ya gogewa, naka ne ke tafiya da tarin janareta. Kuma don mugunta suka liƙa shi jikin maɓallin da mutum ya fi dannawa.

Lasifika ta fashe da kiɗan rawar Turawa, ƙahoni da goge, irin wanda namiji ke riƙe ƙugun mace suna juyawa. Na danna wani don in kashe, ya ƙara sauri. Na danna wani, aka ƙara ƙararrawa. Yara suka zuba cikin fili suna tsalle. Dariya ta fara daga zaure ta bazu. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "A'a! Yaushe Alhaji ya auro Baturiya ba mu sani ba?" Mutanen kansila har da riƙe ciki.

Duk wannan da sauƙi. Abin da har yau ke hana ni sukuni shi ne da na ɗaga kai na dubi tsohon. Bai yi dariya ba, bai yi fushi ba. Yana tsaye, ƙafafu na rawa, hannu dunƙule a ƙirji, ya karkata kai gefe ya kasa kunne. Nema yake. Ya ɗauka sunanshi na cikin hayaniyar nan wani wuri, ya ɗauka in ya ƙara haƙuri kaɗan ɗan Audu zai kira shi.

Na fizge waya. Wuri ya yi tsit.

Ya ce, "Ɗan Audu."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ina kalangun?"

Na ce, "Yana shagon Sule, Baba."

Ya maimaita a hankali, "Shago."

Sai na ƙara wata wautar kan ta farko. Na fara ƙwanƙwasa jikin fiyanon da ƙashin yatsu, wai ko taken zai fito. Roba ce, ƙwas-ƙwas kawai take. Da na ga ba ta yi, na buɗe baki na faɗi taken da halshena, da ƙarfi. Makaɗi ba ya haka. Faɗa da baki aikin maroƙi ne. Kakana bai taɓa ba, babana bai taɓa ba. Ko masu dariya sai da suka sunkuyar da kai.

Tsohon ya buɗe hannunshi, ya sauke shi gefen riga. Ya ce, "Ku zaunar da ni."

Ba a yi guɗa ba. Baƙin gilashin nan shi kaɗai ne cikin kayan zamanin da na zo da su ya yi aikinshi ranar, don ba wanda ya ga idona.

Na ɗauki akwatina a ka na bi lungu na koma gida. Hajara ta riga ni isa. Ba ta ce na faɗa maka ba, wanda da ta faɗa da na samu abokin faɗa na huce. Ta ajiye mini ruwa da tuwo ta shige ɗaki.

Washegari da sassafe na ɗauki fiyanon na nufi Ƙofar 'Yandaka, in mayar mashi da kayanshi in karɓi nawa. Na duba ƙusa, wata tsohuwar fanka ce rataye. Sule ya sosa ƙeya. Ya ce wasu masu sayen kayan gargajiya su kai Legas sun zo tun kafin bikin, sun gani sun matsa, shi kuma ya ga ai na riga na ci gaba. Na tambaye shi me ya sami taken. Ya ce, "Ai masu arhar duk haka suke, batir ke riƙe masu ƙwaƙwalwa."

Na ce, "Ka sani ke nan?"

Ya ce, "To wa ya san janareta za ya mutu?"

Na tsaya ina kallon fankar nan, sannan na sake ɗora akwatin a ka na dawo da shi, don ba ni da wani abin da zan ce nawa ne.

Na yi kwanaki ban fita ba. Daga baya na je wani ƙauye na ari kalangu wurin wani abokin babana, na zo ƙofar gidan Alhaji Bawa na yi sallama. Na ce ko daga zaure ne a bar ni in kira shi sau ɗaya. Alhaji Ƙarami ya shiga ya daɗe, ya fito bai haɗa ido da ni ba. Ya ce, "Baba na kwance. Ya ce a gaishe ka, ya gode. Ya ce a ce maka ya riga ya zauna."

Ba wanda ya ce an kore ni. Kason nama ne kawai ya daina zuwa, salla ta zo ba riga. Da aka yi wani suna a gidan, na ji kiɗa daga nesa, wani baƙon makaɗi ne, yana ta laluben taken yana faɗuwa a rabi. Ni na koma kabu-kabu da babur ɗin ƙanin Hajara. Fiyanon yana nan bisa kabad, tana shanya kuɓewa a kai, ta ce faɗinshi daidai ne.

In kun ce me na koya, ba wani abu mai zurfi ba ne. Duk abin da ba ka iya karanta rubutun jikinshi ba, kada ka kai shi gaban dattijo. In kuma za ka ajiye amanar gidanku, kada ka ajiye ta inda yatsa biyu za su iya zarewa.

Bayan damina Alhaji Bawa ya rasu. Na je jana'iza na tsaya sahun baya, na je gaisuwa na zauna bakin tabarma. Da na taso, ina tura babur ban ko tada shi ba, sai na ji ana kirana. Sule ne. Ya yi ƙiba, ya samu hayar da yake nema. Ya miƙo hannu, ya yi mini gaisuwar rashi, ya ce Allah ya jiƙan Baba. Na ce amin. Sai ya matso ya rage murya kamar mai kawo albishir.

Ya ce, "Mutumina, wani sabo ya shigo. Wannan akwai ɗan tayan nan da kake so. Kuma ko ka cire batir, ko an ɗauke wuta wata guda, ba ya mantuwa. Ka leƙo shago ka gani, kai zan yi ma sauƙi."

Na jingine babur. Mutane na fitowa daga gidan makoki, wasu sun tsaya. Ban rage murya ba.

Na ce, "In kira wa da shi, Sule? Wanda zan kira ga shi can mun rufe. Ni ban ga laifin wancan akwatin ba, roba ce, an zare mata batir ta manta. Kai da uwata ke zuba mana tuwo kwano ɗaya, kai da ubana ke ɗora ka bisa cinya yana kaɗa maka kalangun nan har ka yi barci, wa ya zare maka naka?"